Rigar da Firiha Ta Manta Ba Ta Ƙulle Ba

Ni da Firiha a tsakar gida ɗaya muka tsufa, a Mella, unguwarmu ta Yahudawa a garin Safru. Ƙofarta na kallon tawa, don haka ko tari ta yi na san na mura ne ko na neman magana. Ni sana'ata maɓallan alharini na gaban jallabiya, kamar yawancin matan unguwar. Ita kuwa likkafani take ɗinkawa.

Ba da shi ta fara ba. Tana budurwa hannunta ya yi suna a kayan amare, har daga Fas ake aiko mata da karammiski. Ranar da mijinta ya rasu ya bar ta da goyo, tsofaffin da ke yi wa mamata sutura suka zo ɗinka masa likkafani. Ta zauna tana kallonsu da jajayen idanu, can ta ce, "Goggo, miƙo min allurar nan, kina karkatar masa da wuyan riga." Daga ranar ta shiga cikinsu, ba ta sake fita ba.

Likkafaninmu da ƙa'idarsa. Farin yadi ne, ba aljihu, ba kalmasa, kuma ba a ƙulla zare, ko a farko ko a ƙarshe. A sake ake barin bakinsa, don kada wani abu ya riƙe mai tafiya. Aikin Allah ne, ba a biya. Da kaɗin ulu Firiha ta ciyar da kanta, ta raini 'yarta Mazal har ta aurar da ita ga Makluf mai gyaran takalma.

Mutane kuwa sai a bar su. Ranar makoki kowa na sumbatar hannun Firiha, amma ranar biki ko haihuwa, in ta shigo sai ka ga mata suna janye kwandon ɗinki zuwa bayansu. Wannan abu yana ƙona min rai, kuma ban taɓa ɓoyewa ba. Ita sai ta ce, "Simi, rufe bakin nan naki. Tsoro suke ji, ba ƙiyayya ba ce."

Mazal ta sha wahala. Ciki ya zube mata ba sau ɗaya ba, har ta daina zuwa gidan barka. Da wannan ya zauna ya fara fitowa, aka tara mata don yankan yadin jariri kamar yadda aka saba. Matar da uwa da ubanta ke raye ta sa almakashi, aka watsa alewa a kan yadin, aka yi guɗa. Sai Mazal ta ɗauki ƙyallen farko, na rigar da za a fara sa wa jariri, ta ratsa mata ta ajiye shi a cinyar uwarta. 

"Inna, ke za ki ɗinka."

"Ke, kina da hankali kuwa? Ɗauke abin nan daga jikina."

"Kayan na baya masu hannun albarka ne suka ɗinka, ina jariran suke? Ni dai hannun da ya raine ni nake so."

Firiha ta karɓa, amma ta kasa ɗinkawa. Yau ta ce idonta na ciwo, gobe ta ce zaren ba shi da kyau. Ciki ya tsufa, ƙyalle na nan a ninke. Wata Juma'a da hantsi na ɗauki allura na zura zare na danƙa mata. Na ce, "Tsohuwar banza, so kike jikanki ya zo a naɗe shi da tsumman goge tukunya?" Ta zage ni, ta zauna. Kafin a kunna kyandiran shigar Asabar, ranar hutunmu, ta gama, ta kai wa Mazal, aka sa a akwati. Ni na ga ɗinkin, ɗan siriri, tamkar ba hannu ne ya yi ba.

Washegari da safe, maza sun tafi ɗakin ibada, ina jiran a ɗauko mana tukunyar abincin Asabar daga tanderun unguwa, sai ga Firiha a ƙofata ba ɗankwali. Ban taɓa ganin gashinta a waje ba.

"Simi, ban ƙulle ba."

"Me ba ki ƙulle ba? Ƙofa?"

"Zaren. Rigar. Hannuna ya bi abin da ya saba. Likkafani na ɗinka wa jikana, Simi."

 Ga shi Asabar ce, ba a taɓa allura, ba a ƙulla ƙulli, sai taurari sun fito. Na ce ta zauna ta yi shiru, in magariba ta yi a gyara ba wanda ya sani. Ban rufe baki ba muka ji ana kiranta daga bakin zaure. Naƙuda ta kama Mazal.

Muka tarar Hanina ungozoma ta riga mu, mace mai faɗa wadda ko malaminmu yake kauce mata a hanya. Rana ta take, ta fara karkata, abu ya ƙi gaba ya ƙi baya. Muryar Mazal ta dishe. Firiha ta rakuɓe a bakin ƙofa ta ƙi shiga, ta tura hannuwanta a hammata kamar mai ɓoye kayan sata. Ni kaɗai na san abin da ke cin ta.

Can Hanina ta leƙo, gumi na zuba.

"Ku kwance min duk wani ƙulli da ke gidan nan! Ɗamara, kitso, igiyar guga, a buɗe akwatuna. Yaron nan a ɗaure yake."

Wata ta ce, "Goggo Hanina, yau fa Asabar."

"Asabar ɗin ce za ta haihu? Rai ne a gabana, ki kwance na ce!"

Muka hau kwance-kwance. Makluf ma da ke tsaye a zaure sai da aka raba shi da igiyar wandonsa, ya koma riƙe da ƙugu yana karanta Zabura. Da aka buɗe akwatin kayan jariri, Hanina ta dinga ɗago su ɗaya-ɗaya tana tsaki. Kowace hula, kowane zani, da ƙullinsa a ƙarshen ɗinki, an ɗaure tam yadda farce ba zai kwance ba. Sai ta ɗago 'yar rigar. Ta juya ta, ta bi ɗinkin da yatsa, ta ja bakin zaren ya biyo ta.

"Wa ya ɗinka wannan?"

 Firiha ta miƙe tana dafa bango.

"Ni ce. Ki yafe min, Hanina, mantuwa ce, wallahi ba..."

"Mantuwa? Tun ɗazu abin da nake nema ke nan. Duk gidan nan ba abin da yake a sake sai wannan. Shigo ki ɗora mata a ciki da hannunki, ki daina tsaya min a ƙofa."

Ni ban ce rigar ce ta yi aiki ba. Hanina ta san hannunta, kuma lokaci na Allah ne. Abin da na gani da idona shi ne, da Mazal ta ji tafin uwarta a jikinta sai ta riƙe shi, ta daina kokawa da kanta. Kafin inuwa ta kai bakin rijiya muka ji kuka, irin mai tsinin nan na mai jin yunwa. Mace ce, ƙatuwa. Na zauna a kan matakala ina dariya ina sharar hawaye, kitsona a warware.

Aka kawo rigar za a sa wa jaririya, Firiha ta hana. Ta ce a naɗe ta da mayafin uwarta tukuna. Ta hau soro da rigar a hannu, na bi ta, muka zauna muna jiran sama. Da taurari suka fito, aka yi addu'ar sallamar Asabar a ƙasa, ta kamo bakin zaren. Ta naɗa ya zame, ta sake ya zame.

Na ce, "Kawo in yi miki, kin manta yadda ake yi."

Ta ture hannuna. Ta lashi yatsa, ta murza zaren, ta ja shi da haƙori har ya kama. Sannan ta ƙara wani a kansa.

"Wannan kuma na mene ne?"

"Wannan ba tafiya za ta yi ba, Simi," in ji ta. "Zama ta zo yi."