Kifi Mai Jan Tsoka

Shekarar da na fara dako a bakin teku a Ikko, na dawo Gummi hutun Sallah da tsarabar da na zaci za a yi ta shi mini albarka a kanta: bandar tuna. Kifin teku ne mai kauri, tsokarsa ja kamar ta saniya. Don ya shiga jaka, na sa mai bandar ta sare kai da wutsiya, ta yanka shi gunduwa-gunduwa.

Inna ta kwance ƙunshin a tsakar gida, ta duba. Baba yana kan tabarma. Mutum ne da ko a gidan suna ba ya taɓa nama sai ya san wanda ya yanka.

"Mi ka kawo muna?" in ji shi.

"Kihi ne, Baba."

Ya ɗauki gunduwa guda ya ɓantara. "Na ci tarwaɗa, na ci karfasa, na ci ragon ruwa. Ban taɓa ganin kihi mai jan tsoka ba. Ina kan? Ina wutsiyar?"

Nan take na gane inda ya dosa. Tun tafiyata ake kawo masa zance wai 'yan ci-rani a kurmi ba abin da ba sa ci, har mushe, har alade. Ashe maganar ta zauna masa. Na ce ya sunsuna, ai ƙarnin kifi ba ya ɓuya. Ya ce hayaƙi kawai yake ji.

"Yi alwala," ya ce, "ka ɗauko Alƙur'ani."

Inna ta dafe ƙirji. "Haba Malam! Ɗanka ne fa."

Bai ko dube ta ba. A garinmu wanda ake zargi da sata ake sa wa wannan rantsuwa, kuma wallahi raina ya ɓaci, har na ji kamar in ɗauki jakata in kama hanyar tasha. Amma na san in na ƙi, ya gama yanke mini hukunci ke nan har abada. Na yi alwala, na ɗauko Alƙur'anin. Na dafa shi, na rantse kifi ne.

Sai ya yi bismilla, ya ci, ya tauna a hankali.

"Da daɗi," ya ce, ya miƙo mini ragowar.

Na kasa miƙa hannu in karɓa.