Sharar Ranar Makoki

Mijina ya dawo Dogon Dutsi da ciyawar Yamai a ransa. Shekarun da ya yi yana aikin gwamnati a can, ya ga gidajen manya da koriyar ciyawa shimfiɗe kamar darduma, wadda suke kira gazon, ya rantse sai ya yi irinta a bayan gidanmu in ya ajiye aiki. Ya kuwa yi. A cikinta ya dasa 'yan itatuwa, mangwaro da gwaiba da lemun tsami, babu wanda ya wuce gwiwata. Na ce masa ƙasar Arewa ba ta san wannan wasa ba, ya ce ni ce ban san ci gaba ba.

Bazara ɗaya ta raba mana gardama. Famfo ya yi ta ɗaukewa, ɗan ruwan da muke samu kuma ciyawar ke shanyewa tun bai kai saiwar itatuwan ba. Ita ma ba ta gode ba, ta koma ja kamar gashin masara. Wata safiya na fito na tarar da shi riƙe da hauya, yana tuge gazon ɗinsa daga gindin mangwaro. Na ce, "Malam, ina ci gaban?" Ya yi kamar bai ji ba.

Daga nan ya sa aka kawo masa karan gero a amalanken jaki. Ya daddatse shi da adda, ya shimfiɗa shi zagaye da kowane itace, ya zuba ƙaiƙayi da ɓawon gyaɗa da busasshen ganye a kai. Tsakanin karan da jikin itacen yakan bar fili kamar faɗin tafin hannu, don kada gara ta samu hanyar hawa. Maƙwabta suka yi ta dariya, wai mutum ya cire ado ya zuba juji. Shi kuwa da tsakar rana, lokacin da rairayi ke ƙona ƙafa, sai ya kira ni in cusa hannu ƙarƙashin karan. Ƙasar na nan da danshinta, da sanyi. Yakan dube ni yana jira in yaba, ni kuma in ce ba laifi, don kada kansa ya kumbura. Kafin a daɗe itatuwan suka kai kafaɗata, mangwaron ya fitar da sabon ganye ja mai laushi.

A wata bazarar ya kwanta ciwo, bai jima ba Allah ya karɓi abinsa. Gida ya cika. Aka zaunar da ni a ɗaki bisa tabarma, na shiga takaba, masu gaisuwa na shiga suna fita. Yayarsa ta zo daga Tibiri da matan dangi. Mace ce mai zafin nama, wadda ba ta iya ganin tsinke a ƙasa ta wuce shi, kuma tun ranar da aka kawo ni gidan take ganin 'yar lakwal irina, wadda ta yi makarantar boko, ba ta iya riƙon gida ba.

Washegari da hantsi na ji warin hayaƙi. Na ɗauka na girki ne, don an girka manyan tukwane saboda baƙi. Can sai ga ta ta shigo tana share gumi da bakin zane.

"Matarmu, mun hisshe ki kunya," in ji ta. "Dattin ga da kunka tara bayan gida, mun share shi dut. Maza za su zamna can, ga kunama, ga maciji. Mutane su zo gaisuwa su iske ƙanena cikin juji yake kwana?"

Na ce, "Yaya, wane datti?"

"Karan ga mana. Manyan munka kwashe munka sa a murhu, sauran munka tara munka sa mishi wuta."

Na miƙe na ce zan zaga. Da na leƙa bayan gida, ƙasa fes, har da zanen tsintsiya. Sun share ƙaiƙayin da ganyen, sun tara kowane tsibi a jikin itacensa, kamar yadda ake tara shara a gindin bishiya a kowane gida, suka cinna. Filin tafin hannun nan da ya yi ta kiyayewa, nan ne wutar ta fi ci. Kowane itace ya yi baƙi tun daga ƙasa har kusan gwiwa, ganyen ƙasa ya nannaɗe, toka na ta hayaƙi.

Tun da mijina ya cika ban yi kuka da murya ba sai a wurin. Matan suka rufe ni, suna cewa in yi haƙuri, addu'a yake bukata. Yayar ta dafa ni ta ce, "Yi shiru, dut mun rasa shi." Na so in ce mata ku ne, ku da tsintsiyarku. Amma mai takaba ba ta ɗaga murya a kan yayar miji, gida cike da baƙi, ana ƙirga duk abin da ta faɗa. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Sannunku da aiki." Har yau ina jin ɗacin wannan gaisuwa.

Duk tsawon takabar ina ba itatuwan ruwa. Na sa aka nemo mini wani karan na sake shimfiɗawa yadda na ga yana yi. Amma ɓawon ya riga ya ƙone zagaye, yana tsagewa yana faɗuwa. Gwaiba ta fara tafiya, lemun ya bi ta. Mangwaron ya riƙe korensa har na sa rai, ina gaya wa kaina ko wannan kaɗai ya tsaya ya ishe ni. Ana gab da saukar damina ya zubar da ganyensa.

Ranar fitar takaba yayar ta dawo da matan Tibiri. Ta zaga bayan gida, ta tsaya a kan busassun sandunan, ta riƙe haɓa.

"Kun gani ko? Icce ya san mai shi. Sun ƙi zama bayanshi, sun bi shi."

Matan suka yi ta salati, wata har da hawaye. Maganar ta bi unguwa, ta kai Tibiri. Yanzu in an tashi yabon mijina ita ake fara kawowa, mutumin kirki wanda itatuwansa suka mutu don baƙin cikin rashinsa. A gabana ake faɗa, a juyo a dube ni don in shaida. Ni kuma in ce haka ne.