Maraƙin Ƙaiƙayi

Jiya da la'asar maƙwabciyata ta soya man shanu. Ban gani ba, hancina ne ya gaya mini. Ƙamshin ya tsallako katanga da albasarsa da komai, ya same ni a tsakar gida ina tsince shinkafar da ban ma yi niyyar dafawa ba. Na ajiye faranti. In kai ɗan birni ne za ka ce ai mai ne kawai, a zuba a tuwo a wuce wurin. Ni kuwa duk ranar da na shaƙe shi sai in koma yarinya mai giɓi, a wani gida da ke bayan Ɗanzomo, ina tsaye da ƙwarya a hannu, ina jiran wata jar saniya ta yanke hukunci a kanmu.

Mahaifiyata ta rasu ana tsakiyar girbin gero. Babana direban babbar mota ne a Maigatari, yau yana gida, gobe yana Damagaram, bai san inda zai ajiye ni ba. Yayarsa da ke Gumel ta ce a kawo mata ni. Ana cikin haka sai ga kawuna, ƙanin mahaifiyata, ya zo a keke. Ya durƙusa gaban babana ya roƙi a ba shi aron yarinyar zuwa damina. Ya ce don tsohuwarsu ne, wato kakata, tun ranar da aka kai mata labari ba ta sake hura wuta ba. Babana ya yarda, amma da sharaɗi: in zaman ya yi wuya, ko aka ga ina ramewa, a kai ni Gumel. A gabana aka yi maganar, don an ɗauka ba na ji. Haka na tafi a bayan keke, da ƙullin kayana a cinya, a matsayin aro.

Kakata doguwa ce, siririya, magana a wurinta sai ta zama dole. Mahaifiyata ita ce 'yar farinta. Ku na yanzu ba ku san nauyin wannan ba. A lokacinsu 'yar fari ba a kiran sunanta, ba a yi mata wasa, in ta faɗi a gabanki sai ki kau da kai wani ya ɗaga ta. Kaka ta riƙe wannan kunya fiye da kowa a garin. "Waccan" kawai take ce mata. Da waccan ɗin ta rasu ma kunyar ba ta sake ta ba. Mata suna zuwa gaisuwa suna kuka, ita tana ba su haƙuri, hawaye ko ɗigo babu. Murhu ne ya tona mata asiri, don tokarsa ta yi sanyi har kaji suna kwanciya a ciki.

Maƙwabta ne suke aiko da abinci. To ni tun ina ƙarama ba na cin tuwon da ban san hannun da ya tuƙa shi ba, kuma har yau ban daina ba, surukaina shaida ne. Aka ajiye mini kwano na ture. Aka lallashe ni na ƙi. Washegari da hantsi yunwa ta murɗa ni, na zauna a bakin rumbu na buɗe baki iya ƙarfina. Kaka ta daɗe tana kallona daga ƙofar ɗaki. Can ta miƙe, ta kori kaji, ta kwaso kara da busasshen kashin shanu, ta hura wuta. Tuwon gero ta yi da miyar kuka, ta soya man shanu ta kwarara a kai. Na ci har da suɗe akushi. Ita ma ta sa hannu ta yi loma kaɗan, kamar mai ɗanɗana gishiri.

Da shanu suka gama cinye karan gonaki, kawu ya kora garke ya yi gabas da shi wajen fadama, don a ƙasarmu in rani ya kama ko akuya sai ta yi tunani. Matarsa kuma ta tafi goyon ciki gidansu. Kamar yadda ake yi kowace shekara, aka bar wa tsohuwa saniya guda mai tatsa, jar saniyar nan da ɗan maraƙinta. Gidan yana can ƙarshen gari saboda garke. Da aka watse sai ya yi mana girma. Turaku a jere babu komai a jikinsu, igiyar ɗaure maruƙa a yashe a ƙasa. Mu huɗu muka rage, biyu masu magana, kuma a cikin biyun ɗaya ba ta yi.

Abincinmu duka a hantsar saniyar nan yake. Da sassafe sai in kwance maraƙi ya ruga ya kama nono, yana tunkuyi yana kaɗa jela. In nono ya sauko sai Kaka ta janye shi ta ɗaure a ƙafar uwar ta gaba. Uwa tana lasar ɗanta, Kaka tana tsugune da ƙwarya tsakanin gwiwoyi tana tatsa. Ƙarar madara a gindin ƙwarya ita ce hirarmu ta safe. In nono ya kwana ya kama, sai ta zuba a gora ta kaɗa, ta tsame mai ta dunƙule a ruwa. Wani mu dama fura da rana a gindin darbejiya, wani kuma in ɗauka in shiga gari, in dawo da dusa ko daddawa ko gishiri a madadinsa. Kaka ba ta ce mini ga yadda ake yi. Sai dai ta miƙo mini maburgi, in na ɓata ta karɓa ta gyara, ta sake miƙo mini.

Maraƙin nan shi ne abokina. Yaran gari suna da nisa, kuma in na je sai su riƙa kallona da tausayi, ni kuwa na tsani a tausaya mini. Shi ba ruwansa. Nakan tsinto masa 'ya'yan gawo, in zauna in ba shi labarin Maigatari, da motar babana, da yadda mahaifiyata take yi mini kitso tana mintsinina in na motsa. Shi kaɗai nake yi wa zancenta, don a gaban Kaka ba a yi.

Da bazara ta shigo, zafi ya kai inda ƙasa take ƙona tafin ƙafa, zawo ya kama maraƙin. Kaka ta yi jiƙe-jiƙenta, bai ji ba. Da ta ga idonsa ya juye sai ta aike ni in kira wani tsoho maƙwabcinmu ya zo da wuƙa, kada ya zama mushe. Na kira shi, amma ban dawo tare da shi ba. Naman ma ban ci ba, kuma wannan karon ba wanda ya lallashe ni.

Jar saniya ta wuni tana kuka, ta juya wajen da ake ɗaure shi, har muryarta ta dushe. Da safe Kaka ta tsuguna da ƙwarya, saniya ta ɗauke nononta cak. Hantsa a cike, amma ko ɗigo. Aka shafa, aka lallasa, aka ba ta dusa da kanwa, ta ci abinta ta hana. Washegari ma haka. Saniya irin tamu in ba ta ga ɗanta ba ba ta saki, kuma in ta ɗauki kwanaki a haka nonon ƙafewa yake yi gaba ɗaya, sai wata haihuwar. Muka koma tuwo da miya tsura, fura da ruwa. Daddawa ta kusa ƙarewa, ba abin da za a kai a musanya.

Tsohon nan ya leƙo da yamma, na ji yana ba Kaka shawara. Ya ce a kai saniyar kasuwar Maigatari tun tana da jiki, yarinyar kuma a cika alkawari a kai ta Gumel, ita Kaka ai maƙwabta ba za su bar ta da yunwa ba. Ban san Gumel ba a lokacin, ban kuma ƙi ta don komai ba. Abin da na sani shi ne in na tafi, kaji za su koma murhu. Na ji tsoro ƙwarai. Kaka dai ta tambaye shi ina fatar maraƙin.

Ashe tun ranar yanka ta ce masa ya feɗe ta a hankali, kada ya ɓata kai da ƙafafu. Ta jiƙa ta ta yi laushi, ta zauna a inuwa ta cusa mata ƙaiƙayi da busasshiyar ciyawa, ta ɗinke cikin da kaba, ta sa itatuwa a ƙafafun. Abin da ya fito ba shi da kyan gani. Wuya a karkace, ciki gefe guda ya fi gefe, wurin ido rami. Ta yayyafa masa ruwan kanwa a gadon baya. Ta ce ni zan ɗauka, tunda ni saniyar ta saba gani da shi.

Na ɗauka ina kuka. Ba shi da nauyi ko kaɗan, wannan ne ya fi ba ni haushi. Na ajiye shi a gaban uwar na ja baya, na karɓi ƙwarya na riƙe. Saniya ta sunkuyo ta shinshina. Ta yi huci, ta ɗaga kai ta kalli gabas. Na ce a raina shi ke nan, sai Gumel. Ta daɗe a haka. Sannan ta sake sunkuyowa, ta sa hanci a wuyansa, ta yi wani gurnani ƙasa-ƙasa, ta fara lasa. Tana lasa abin yana tangaɗi, sai da na tsuguna na tallafe shi. Kaka ta zare ƙwarya daga hannuna. Jim kaɗan na ji ƙarar madara.

Maimakon murna sai zuciya ta ɗebe ni. Na ce, "Kaka, yaudararta muke yi. Wannan ai ba ɗanta ba ne."

Ba ta ɗago ba, hannunta bai tsaya ba. Ta ce, "Ta sani."

Na ce in ta sani me ya sa take lasa.

Ta ce, "Ke kina ganin akwai uwar da ba ta san nata ya tafi ba? Warinsa take so. In ta ji shi sai ta iya."

Da nonon ya kwana muka kaɗa, mai ya fito ɗan dunƙule kamar ƙwan zabuwa. Kaka ta raba biyu. Rabi ta soya da albasa, muka ci tuwo irin na ranar farko. Rabin kuma, bayan la'asar, ta zaunar da ni tsakanin ƙafafunta ta tsefe mini kai ta shafa. Tana cikin kitso sai na ji hannunta ya tsaya. Ta sunkuyo ta sa hancinta a tsakiyar kaina. Na ji numfashinta a fatar kaina, mai zafi. Sai ta kira wani suna a hankali, sunan da ban taɓa ji a bakinta ba, sunan mahaifiyata.

Yarinya ce ni, amma ba sakarya ba. Na kalli maraƙin ƙaiƙayi a jingine da rumbu, kishi da baƙin ciki suka kama ni a haɗe. Na ce, "Kaka, ni ce fa. Ba ita ba ce."

Ta ce, "Na sani, ƙawata. Ita ai ban taɓa yi mata haka ba."

Ruwa ya ɗiga a wuyana. Ban juya ba, don na san in na juya za ta daina. Na zauna ƙam, ban motsa ba har aka gama kitson, abin da mahaifiyata ta sha fama ba ta samu ba.

Da wannan fata muka ci sauran bazarar. Kullum da safe in ɗauko ta, kullum saniya ta shinshina, ta kalli gabas, sannan ta lasa. Gashin ya zube, ɗinkin ya fashe, Kaka ta sake ɗinkewa. Da ruwa ya sauka garke ya dawo, kawu ya ga abin ya yi dariya ya jefa shi bayan danga. Babana ya zo karɓar aronsa, ya tarar da ni da kumatu, ya ci tuwon Kaka, ya koma shi kaɗai. Ban bar gidan ba sai da karatu ya kawo ni Gumel ɗin da nake gudu, kuma ga ni a cikinta har yau.

Yanzu babu garke a gidan. Bayan rasuwar Kaka da kawu, 'ya'yansa suka kai shanun Maigatari suka dawo da babura, suna jigilar kaya a bakin iyaka. Ban ga laifinsu ba, wurin kiwon ma duk ya zama gona. Da aka zo rabon kayan ɗakinta kowa ya ɗauki abin da ya ɗauka, ni na ce a ba ni ƙwaryar tatsa. Aka yi mini dariya. 'Yata ta fari kuwa da sunanta nake kiranta, da ƙarfi, a gaban kowa. Dangin mijina sun yi gulma har sun gaji.

Sai dai 'ya'yan sun girma sun watse, maigidan ya riga ni gidan gaskiya, gidan ya yi mini girma. Ina da murhun gas da ba ya buƙatar kara, ga madarar gwangwani a kan tebur, amma akwai ranakun da ba na kunna wuta, don girkin mutum ɗaya ba ya shiga raina. Jiya irin ranar ce, har ƙamshin nan ya tsallako. Na shiga ɗaki na sauko da ƙwaryar daga saman kabad, na ɗage faifan, na sa fuskata a ciki. Har yanzu akwai tsamin nono da hayaƙin kara a jikinta, kaɗan, sai ka daɗe kafin ka ji. Na san ƙwarya ce. Na sani sarai. Na ɗan daɗe a haka, sannan na fito na ɗora tukunya.