Serafim, Golan Masaƙa

Serafim Medeiros bai taɓa sa ƙafa a ƙwallo ba sai da ya zo Fall River. Can tsibirinsu na São Miguel, shanu ya sani da kwale-kwale. Yana matashi kawunsa ya sama masa aiki a wata masaƙa ta bakin kogi, a ɗakin da ƙarar injuna ba ta barin mutum ya ji muryar kansa. Da leɓe ake hira a ɗakin, kowa ya karanci bakin ɗan'uwansa daga nesa.

Wata rana ƙoshiyar saƙa ta ƙwace daga inji ta nufi fuskar wata mata. Serafim ya miƙa hannu ya cafke ta a iska. Alec Dunwoodie, mutumin Scotland mai kula da ɗakin, wanda kuma shi ne kyaftin ɗin ƙungiyar ƙwallon masaƙar, yana tsaye yana kallo. Da aka tashi ya tare shi a bakin ƙofa.

"Kai ɗan tsibiri, me kake yi ran Lahadi?"

"Coci, Maigida."

"Bayan coci fa?"

"Barci."

"To barcinka ya ƙare. Golanmu ko kaza ba ya iya kamawa."

A lokacin doka ta hana wasa ran Lahadi a jiharsu, don haka sai a taka da ƙafa a tsallaka iyakar jihar zuwa Tiverton. A wasansa na farko ƙwallo ta bi ta tsakanin ƙafafunsa. Wata budurwa mai sayar da fanke a bayan raga, Deolinda, ta kwashe da dariya.

"Ƙato kamar kai! In ara maka siket ɗina ne?"

Ya sunkuya ya ɗauko ƙwallon daga raga. Amma duk Lahadi sai ya sayi fankenta, ko ba ya jin yunwa, har maganar ta kai gaban iyaye aka ɗaura aure.

Wasan da ya fito da sunansa shi ne wanda suka yi da 'yan masana'antar ƙarfe daga Pennsylvania. Ana dab da tashi aka ba baƙin fenariti. Kyaftin ɗinsu ya ja mai bugawa gefe yana yi masa raɗa, bai san a garin masaƙa yake ba. Serafim na kan layi yana karanta bakinsa: hagu, ƙasa-ƙasa. Kafin ƙwallon ta iso yana can yana jiranta. Mutanen gari suka ɗauke shi a kafaɗa har cikin unguwa. Daga ranar baƙi suka koyi rufe baki da hannu in sun zo Fall River.

Wata ƙungiya ta New York ta neme shi. Ya je ya ga garin, ya dawo ya ce wa Deolinda, "Miyarsu ba ta da ɗanɗano." Ita ta san mahaifiyarsa da ke kwance ba lafiya ce ta dawo da shi.

Sai masaƙu suka fara rufewa ɗaya bayan ɗaya. Aka kwance injuna aka yi kudu da su, Alec ya bi su. Ƙungiya ta watse, ciyawa ta cinye fili. Serafim ya koma kwaɓa fulawa a gidan burodin yayan matarsa. Ganin maza suna zaman banza a bakin titi, ya roƙi Fada, limamin cocinsu, ya ba su kangon da ke bayan coci. Suka kwashe duwatsu, suka kafa raga da tsofaffin bututun ruwa, Deolinda ta ɗinka riguna da ragowar yadi. Suka sa wa ƙungiyar suna Estrela. Babu mai biyan kowa, amma ba a fasa wasa ba ko lokacin yaƙi, da tsofaffi suka cike gurbin samari.

Kunnuwansa sun mutu tun bai tsufa ba. Duk da haka, da sababbin baƙi suka riƙa sauka daga tsibirai, shi ne mai tarbarsu, ya nema musu ɗaki da aiki, sannan ya tambaye su lambar takalminsu.

Ya rasu cikin hunturu. Lahadin da ta biyo baya 'yan Estrela suka share ƙanƙara da shebur, suka ɗaura baƙin ƙyalle a hannu, suka buga wasansu. An ci su da yawa. Deolinda, da aka kawo a mota, ta kira golan ta ce, "Ɗana, zo gida ka ci abinci. Ka rame, shi ya sa."