Ba Komai, Gaisuwa Ce

Aikina kula da laburaren sashen injiniya ne a wata kwalejin fasaha, kuma na iya shi. Ɗalibi zai shigo yana kame-kame, bai ma san sunan abin da yake nema ba, ya fita da shi a hannu. Amma abin da ya fi yi mini rana a aikin nan a tsakar gidanmu na Bukkuyum na koye shi, wurin Inna, wadda ta tsani mutumin da ba ya tuna ɗan'uwansa sai ranar buƙata.

Farkon zuwana taron ƙara wa juna sani na ma'aikatan laburare a kudu, mai jawabi ya yi ta nanata mana muhimmancin sanin mutane. Ana tashi shan shayi sai na ga ana ta miƙa wa juna kati mai suna da lambar waya kamar rabon goro, kowa yana magana da kai idonsa na kan na bayanka. Dariya ta kusa ƙwace mini. Wannan ai zumunci ne aka dafa ba gishiri. Kati ɗaya na riƙe da muhimmanci, na wata Bayarabiya da ta girme ni, mai kula da littattafan haƙar ma'adinai a wata jami'a. Ita ce ta matsa mini na zauna a benci, shi ke nan abin da ya haɗa mu.

Da na dawo gida na kira ta, na tambayi gajiyar hanya, da yara, da maigida. Sai ta ce da Turanci, "To, me kike so in yi miki?"

Na ce, "Ba komai, Anti, gaisuwa ce."

Ba ta yarda ba, na ji a muryarta. Ni kuwa ban fasa ba. In wata ya kama na kira, in ta yi Kirsimeti na kira, da ta yi rashin mahaifiyarta na yi mata ta'aziyya. Shekaru muna haka, kullum sai ta jira in kawo buƙata, kullum in yi mata sallama ban kawo ba.

Sai ɗiyar ƙanena ta kwanta. Yarinya ce mai surutu kamar rediyo, ta koma ba ta cewa uffan, sai jijjiga. A asibitin garin Anka likitoci suka ce gubar dalma ce, daga ƙurar dutsen zinarin da ubanta ke niƙawa a bayan ɗaki. Suka ce za su yi magani, za a kankare ƙasar gidan, amma in ƙura ta dawo, ciwo zai dawo. Na tsorata ƙwarai.

Na ce wa ƙanena ya bar aikin. Ya ce, "Yaya, in na bari mi za mu ci? Gonarmu ta Gwashi ba ta shiguwa saboda 'yan bindiga."

Inna ta juyo kaina. "Ke da anka ce kina tsaron littahin injuna, babu wanda ya san maganin wagga ƙura cikinsu?"

Na san akwai niƙan da ake yi da ruwa, ƙura ba ta tashi. Abin da ba ni da shi zane ne, wanda mai walda zai duba ya ƙera, don littattafanmu na manyan masana'antu ne. Na ɗauki waya.

"Anti, yau da buƙata na zo."

"Kin daɗe!" in ji ta. Da ta ji zancen yarinya sai muryarta ta sauya. Ba ta da zanen, amma ta san wanda ya san mai shi. Ta tayar da abokan aikinta, har wani a Ghana, kafin Juma'a hotuna da awo sun cika wayata. Na zauna da wani malamin injiniya a kwalejinmu muka rage su daidai ƙarfen da ake samu a kasuwar Gummi. Mai walda ya juya takardar sama da ƙasa, ya yi ƙorafi, ya ƙera. Aka kafa injin can bayan gari, na kuma kafa wa ƙanena doka: wanka da sauya tufafi kafin ya tako gida. Ya san halina, bai yi musu ba.

Yarinya ta tashi, sai dai maganarta ta yi nauyi, kalma ɗaya sai an yi ta lallashi.

Ranar wata Asabar ina gida muna tsinke zogale da Inna, waya ta yi ƙara. Anti ce, karo na farko da ita ta fara kira. Na ce ko lafiya? Sai ta ce da gurguwar Hausarta, wadda ban san inda ta koyo ba, "Ba komai, gaisuwa ce. Yaya ɗiya?"

Sai na kanga wayar a kunnen yarinyar, tana jingine da ƙafata. Ta saurara, ta daɗe tana motsa baki, mu duka mun tsayar da hannu a cikin faranti.

"Lahiya lau," ta ce. "Ina gajiya?"