Littattafan Baƙi

'Yan shekaru bayan soja sun koma bariki, ina koyarwa a wata sakandare a Unguwar Mu'azu da ke Kaduna, ina kuma fama da digiri na biyu. Bincikena a kan ma'aikatan masaƙun Kakuri ne. Babi na uku kusan duk daga bakin Baba na ɗauko shi, mahaifina, wanda ya ƙarar da ƙuruciyarsa a gaban injin saƙa. Malamin da ke duba aikina ya ce hirar tsoho ba hujja ba ce. Ko in nemo wani tsohon littafi da aka rubuta kan masaƙun ya mara wa Baba baya, ko in cire babin. Shekarata ta ƙarshe ke nan, in ta wuce sai sallama.

Na zama ɗan gida a wani shagon intanet a Makera, ina bin shafukan laburaren jami'o'i ɗaya bayan ɗaya. Kowanne sai ya fara da hoton shugaban jami'a, yana saukowa a hankali daga hula zuwa gemu. Kafin a kai babbar riga, janareto ya shiɗe. Wurin neman littafi kuwa a ɓoye yake kamar kayan sata. Na zagi mutanen da ban taɓa gani ba, Allah ya yafe mini.

Rannan sai ga littafin a shafin wata jami'a mai nisa: akwai, yana kan kanta. Washegari na shiga mota.

Ma'aikaciyar laburaren ta duba sunan littafin, ta dube ni da tausayi.

"Ayya, Malam. Ai wannan cikin littattafan baƙi yake."

"Waɗanne baƙi, Hajiya?"

Ta ce lokacin da masu tantance jami'o'i za su zo, an bi gidajen malamai da shagunan littattafai an yi aro, aka cika kantoci, aka shigar da sunayen a kwamfuta. Baƙi na juya baya, kowa ya zo ya kwashi nasa.

"To wane ne mai wannan? Ko ina yake zan je."

"Wallahi ban sani ba."

"Me ya hana ku gogewa, kuna wahalar da bayin Allah?"

"Ɗan kwangilar da ya haɗa shafin ya tafi da lambar sirrin."

Na zauna a matakalar laburaren, ƙato da ni, ina share hawaye. Na dawo Kaduna na cire babin, na ci jarrabawa.

Ranar da na kawo kundin gida, Baba ya sa aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ya kira abokan aikinsa biyu na da. Ya ce in karanto musu wurin da ya yi magana.

Na ce, "Baba, an cire."

Ƙarar inji ta daɗe da cinye masa kunne. Ya matso yana murmushi, ya ce, "Ɗaga murya, su ma su ji."