Ranar da Koci Ya Ajiye Ni a Benci

Na buga wasanni da yawa, akasarinsu sun ɓace mini, amma akwai wanda ban buga ba kuma har gobe yana raina.

Lokacin ni ne gola kuma kyaftin na wata ƙungiya a Tudun Wada, muna ƙaramin rukuni muna neman haurawa. Kocinmu tsohon malamin makaranta ne, mai son juya 'yan wasa. Duk wanda ya dage a atisaye sai ya ba shi wasa, ko da babba zai zauna. Ni dai bai taɓa taɓa ni ba.

Sai ranar wasan da in muka ci za mu haura. Muna ɗaura takalma ya ce, "Kyaftin, yau ka huta. Yaron nan zai tsaya."

Yaron ɗan wani Ibo ne mai sayar da kayan gyaran babur, haifaffen unguwar. Ya fi ni tsalle, wannan na sani, amma bai taɓa tsayawa gaban taro irin wannan ba.

Kafin hutun rabin lokaci wata ƙwallo mai sauƙi ta zame masa ta shiga raga. Fili ya ɗauki ihu, ana kiran a sa ni. Alhaji mai ƙungiyar ya sauko da kansa, babbar rigarsa a kafaɗa.

"Koci, ka cire yaron nan."

"Alhaji, ka yi haƙuri. In na cire shi yanzu, ya gama gola ke nan har abada."

Bai cire shi ba. Yaron ya koma raga, ya tare biyu masu wuya, mu kuma muka kasa farkewa. Haka aka tashi ɗaya da nema. Ba a yi mako ba aka sallami koci.

A shekarar da ta biyo baya yaron ya karɓe raga gaba ɗaya, ni na koma sana'ata ta walda a Hanwa. Daga baya wata babbar ƙungiya ta ɗauke shi, yanzu a talabijin muke kallonsa. Alhaji kan ce shi ya gano shi. Koci kuwa ya koma aji, ba mai ambatonsa.

Ban ce koci ya yi daidai a ranar ba, don wataƙila da ni ne da mun haura. Abin da na koya shi ne, ba a ba yaro dama a kyauta. Dole wani ya biya, kuma sau da yawa wanda ya biya ba ya wurin ranar da ake tafi.